Cinikin Itace da Gawayi a Maiduguri: Riba Ake Ci Ko Uwar Kuɗi?

MAIDUGURI — Duk wanda ya tsaya da la'asar a bakin titin da ya taso daga Damaturu ya shigo Maiduguri ta wajen Gomari, zai ga irin hajar da ba ta taɓa yin kwantai a wannan birni. Motocin a-kori-kura ne ke shigowa, an lafta musu itace har sun karkace, ga masu baro da masu keke da buhunan gawayi, ga kuma mata da yara ɗauke da ƙirare a ka. Kafin a kira sallar isha'i yawancin kayan nan sun shiga hannun 'yan sari, kafin hantsin gobe kuwa wasu sun zama toka a murhun gidaje da gidajen burodi da teburan masu shayi.

Gomari, wadda wasu ke kira Ngomari, mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Jere, daura da filin jirgin sama, a yammacin birnin. A da bayan gari ce, amma yau ta haɗe da Bulumkutu da manyan rukunonin gidajen da aka gina a kan hanyar Kano, har baƙo ba zai iya cewa ga inda wannan unguwa ta ƙare wata ta fara ba. Kamar sauran unguwannin Maiduguri, da wuya mutum ya ratsa layi biyu a nan bai ga tarin itacen sayarwa a ƙofar wani gida ba, ko gawayin da aka ƙulla a leda daidai aljihun mai ƙaramin ƙarfi.

Sana'a ce da dubban gidaje ke ci da ita. To amma duk ɗan kasuwar da ya zauna ya warware kuɗin damin itace ɗaya, zai tarar da wani abin mamaki. Akwai ladan mai gatari a ciki, akwai kuɗin mota da na mai, akwai ribar ɗan sari da ta mai kasawa a ƙofar gida. Abu ɗaya ne babu kuɗinsa a ciki, shi ne ita bishiyar kanta. Ba wanda ya saye ta, ba wanda ya biya ladan shekaru ashirin ko talatin da ta yi tana girma, ba kuma wanda ya ware ko kwabo domin a maye gurbinta.

A idon masanin tattalin arziki, daji jari ne. Rassan da yake ƙarawa kowace damina su ne riba. Wanda ya tsaya ga riba zai ci, 'ya'yansa da jikokinsa su ci. Wanda kuwa ya shiga cin uwar kuɗi, kasuwa za ta yi masa daɗi na ɗan lokaci, har ranar da zai wayi gari shago babu kaya. Abin tambaya a nan shi ne, wanne daga cikin biyun Maiduguri take ci?

INUWAR DA AKA GADA

Sanin kowa ne cewa Maiduguri ta yi suna da inuwar dogon yaro, wato darbejiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan inuwa ba tsinto ta aka yi ba, dasa ta aka yi. A shekarar 1907 ne aka kafa Yerwa, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa, a kan ƙasa mai yashi, wadda ruwan da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba, zafi kuwa kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Asalin dogon yaro bishiyar ƙasar Indiya ce. A 1928 aka kawo ta Lardin Borno daga ƙasar Gana ta yau, ta karɓi ƙasar, daga baya aka bazu da irinta zuwa lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. An dasa ta a gefen tituna domin inuwa, an kuma yi gandayenta domin itacen girki da sandunan gini.

A dajin da ke kewaye da birnin kuwa akwai itatuwan gado irin su gawo da aduwa da tsamiya da kuka da marke da ƙirya da bagaruwa da dakwara da magarya. A kudu maso gabas, kimanin kilomita 60 daga Maiduguri, ga dajin Sambisa, wanda aka keɓe tun 1958.

Wannan dukiya ta fara girgiza ne da farin 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1985. Itatuwa masu yawa sun bushe a tsaye. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya koma ƙasa da kashi 10 cikin 100 na wannan faɗi a tsakiyar shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga bisani. Ƙarancin ruwan sama shi ne babban dalilin wannan, ba gatari ba. Amma fari ya raunana dajin, sannan gatari ya same shi a kwance.

BUƘATA TA NINKA

A ƙidayar 2006, Birnin Maiduguri da Ƙaramar Hukumar Jere a haɗe suna da mutane kimanin 750,000. Bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, musamman daga 2014 lokacin da garuruwa irin su Bama da Gwoza da Dikwa da Baga suka faɗa hannun mahara, jama'a suka yi ta kwararowa cikin birni, har hukumomin agaji suka ƙiyasta cewa yawan mazaunansa ya kai miliyan biyu. Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba a sansani suka zauna ba, a cikin unguwanni suka raɓa wurin 'yan'uwa da gidajen haya. Gwamnatin jiha ta rufe manyan sansanonin cikin birni a 2021 da 2022, amma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo sun zama 'yan gari. Kowane gida da ya ƙaru, murhu ne ya ƙaru.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ƙaddara mutum ɗaya yana cin kilo ɗaya na itace a rana, a kuma ƙaddara kashi biyu cikin uku na mutum miliyan biyu da itace ko gawayi suke girki, wanda shi ne gwargwadon abin da binciken gidaje ke nunawa a Nijeriya baki ɗaya. Wannan ya kama tan 1,300 da ɗoriya a kowace rana, wato lodin mota mai ɗaukar tan goma har 130, kullum ta Allah. A shekara ya haura tan 480,000. Ba a sa gidajen burodi ba, ba a sa masu tsire da balangu da masu ƙosai ba, ballantana masu bandar kifi a yankin tafki.

Me ya hana jama'a komawa ga wani makamashin? Amsar tana cikin farashi. Har zuwa farkon 2016, farashin hukuma na litar kananzir Naira 50 ne, ko da yake ba kowa ke samunsa a haka ba. A watan Janairun shekarar aka janye tallafinsa, kuma zuwa ƙarshen 2024 lita ta kai kimanin Naira 2,000 bisa ga alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Cikon tukunyar gas mai kilo 12.5, wanda bai wuce kimanin Naira 4,000 ba a farkon 2021, ya haura Naira 17,000 a ƙarshen 2024, bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya. Ma'aikaci da ɗan tireda da suka bar itace shekaru goma da suka wuce, da yawansu sun sake komawa gawayi.

Wutar lantarki ma ba ta zama mafita ba. A watan Janairun 2021 mahara suka tarwatsa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki suka sake tarwatsa shi, birnin ya daɗe cikin duhu. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar gaggawa mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina. A tsawon wannan lokaci, duk mai sana'ar da ke buƙatar zafi, itace ne gatansa.

Wani abin lura kuma shi ne, itace makamashi ne da ake sayarwa daidai kuɗin cefanen yini. Mai gas sai ya tara kuɗin tukunya da na murhu kafin ya fara. Mai itace kuwa duwatsu uku sun ishe shi. Talaka ba don itace ya fi arha a wata yake sayensa ba, sai don shi ne abin da kuɗin hannunsa na yau zai iya saya.

MASU GATARI

Idan aka juya ɓangaren masu kawo hajar, nan ma matsin tattalin arziki ne ke tura su. Manomin da aka raba da gonarsa a Marte ko Mafa ko Konduga, ba shi da jari, ba shi da shago. Sana'ar da zai iya shiga da gatari ɗaya ita ce saran itace. Shekaru da dama, dalilan tsaro sun taƙaita noma da shiga daji ga 'yan kilomitoci kaɗan daga ramin da aka haƙa kewaye da birnin. Sakamakon haka, gonakin da aka gudu aka bari can nesa sun koma saura, alhali kuwa dajin da ke kusa da Maiduguri da sauran garuruwan da jama'a suka taru an aske shi tas. Da busasshen itace ya ƙare aka koma ɗanye, da ɗanye ya ƙare aka koma tonon kututture da saiwa, wanda shi ne ke yanke wa bishiya hanyar sake tohowa.

Gawayi ya ƙara tsananta lamarin. Ya fi itace sauƙin ɗauka, ba ya hayaƙi sosai, shi ya sa matan birni suka fi son sa. Amma a irin ramin gargajiya da ake turara shi, sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Kuma masu yin sa ba sabara ko kalgo suke nema ba, manyan itatuwa masu tauri suke bi, irin su ƙirya da marke da tsamiya, waɗanda ke shekaru da yawa kafin su girma. Duk gidan da ya bar itace ya koma gawayi, ya rage hayaƙi a ɗakin girki, amma ya ƙara wa daji nauyi.

Ba girki kaɗai ke cin daji ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayyana a 2021 cewa faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo shi ke haddasa kusan kashi 90 cikin 100 na sare dazuzzuka a duniya. A Borno ma akwai sassaben sababbin gonaki, da ƙunar daji da rani, da sare rassa domin dabbobi, da yanka filayen gidaje inda da itatuwa ne. Game da ƙasa baki ɗaya, rahoton FAO na 2010 ya ce Nijeriya tana asarar kimanin hekta 410,000 na daji a shekara. Rahoton 2020, wanda aka yi da sabon ma'auni, ya sauko da adadin zuwa kimanin hekta 163,000. Alƙaluman sun sha bamban, amma duka biyun hanya ɗaya suka nuna, wato raguwa.

A ƙarƙashin duk waɗannan dalilai akwai batun mallaka. Tun zamanin Turawa dokokin gandun daji suka mai da daji kayan hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha. Bishiyar da ke cikin daji, ga mutumin ƙauye, ba ta kowa ba ce. In ya bar ta yau, wani zai sare ta gobe. Ke nan ba ta zama kuɗi a wurinsa sai ta faɗi. Babu ɗan kasuwar da zai yi tattalin kayan da bai da tabbacin shi zai ci ribarsu.

ASARAR DA BA TA SHIGA FARASHI

Kuɗin da mai sayen itace bai biya ba, ba yafe shi aka yi ba. Wani ne ke biya, a wani wuri, a wani lokaci.

Na farko manomi. Ƙasar arewacin Borno yashi ce, saiwar itace da ganyen da ke zuba su ke riƙe ta. In aka tsiraita ta, iskar hunturu da guguwar farkon damina sai su kwashe saman ƙasa, wanda nan ne albarkar take, su kuma binne shukar gero tun tana ƙarama, manomi ya sake sayen iri. Kowane manomi ya san yadda hatsi ke yin kyau a gindin gawo, domin ita bishiya ce da ke zubar da ganye da damina, ta ba gona taki ba tare da ta rufe ta da inuwa ba. Wanda ya sare gawo ya sayar, ya sayar da takin shekaru masu yawa a kan kuɗin yini biyu. Ƙiyasin da hukumomin Nijeriya suka saba ambatawa shi ne hamada tana gurgusowa kudu da kimanin mita 600 a shekara, kuma Borno tana cikin jihohi 11 da ke bakin gaba.

Na biyu ruwa. Inda akwai itatuwa, ruwan sama kan tsaya ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Inda babu, sai ya gudu a kan ƙasa, ya yanka kwazazzabai, ya kwashi yashi ya zuba a koguna da madatsu. Kogin Ngadda, wanda ya ratsa Maiduguri, daga fadamar Sambisa yake tasowa, inda kogunan Yedzaram da Gombole suke haɗuwa. A kansa aka gina madatsar Alau, aka kammala ta a 1986. A watan Satumba na 1994 ruwanta ya mamaye birnin. A ranar 10 ga Satumba, 2024 kuma madatsar ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Fori da Gamboru da Kasuwar Monday da Fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, 'yan kasuwa suka yi asarar da har yau wasu ba su farfaɗo ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa masu gatari alhakin wannan masifa, domin ruwan sama mai yawan gaske da lalacewar jikin madatsar su ne kan gaba. Amma Naira biliyan 80 da Gwamnatin Tarayya ta amince da su a 2025 domin sake gina Alau ba za su yi cikakken amfani ba muddin ƙasar da ke tara wa kogin ruwa tana tsirara, domin madatsar da yashi ke cikewa kullum cikinta raguwa yake yi.

Na uku kasuwar ƙaro. Borno da Yobe da Jigawa su ne cibiyar ƙaro a Nijeriya, kuma mafi daraja daga jikin dakwara ake samunsa. Kamfanonin lemon kwalba da na alewa da na magunguna a Turai da Amurka da Indiya ba sa iya yi sai da shi. Sudan ce ke kan gaba a duniya, ita ke fitar da kimanin kashi biyu cikin uku, sai Chadi da Nijeriya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, masu saye suke neman wasu kafofin. Dakwara kan fara ba da ƙaro tana da shekara huɗu ko biyar, ta ci gaba da bayarwa shekaru da dama. Duk wadda aka mai da ita gawayi, an ƙone kuɗin ƙasashen waje ke nan domin a dafa tuwon 'yan kwanaki. Haka abin yake ga tsamiya da kuka da aduwa da bagaruwar majema, da zuma, da abincin dabbobi lokacin bazara.

Na huɗu lafiya da rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar mutane miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara su ne ke wuni a bakin murhu. Unguwar da babu inuwa kuwa, zafin Afrilu a cikinta sai wanda ya gani, ga kuɗin fanka da na janareto. Mafi muni, yayin da itace ke ƙara nisa, masu nemansa suna ƙara kutsawa inda babu tsaro. A ƙarshen Disambar 2017 da farkon Janairun 2018, mahara sun kashe masu saran itace da dama a ƙauyukan Maiwa da Kaje da ke kusa da Maiduguri, kuma an sha samun irin wannan a shekarun da suka biyo baya. Wannan ma yana cikin ainihin tsadar damin itacen da ake kasawa a Gomari.

ABIN DA AKA GWADA

Ba a zauna haka nan ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin dasa itatuwa a yankunan da hamada ke barazana, aka kuma riƙa yin gangamin dashe kowace shekara. A 1990 aka fara Shirin Raya Yankin Hamada na Arewa Maso Gabas a Gashuwa da taimakon Tarayyar Turai, tun kafin a cire Yobe daga Borno a 1991. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. A 2025 kuma Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan dokar zartarwa da ta haramta sare itatuwa barkatai a jihar.

Duk waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai suna da rauni biyu. Na ɗaya, ana ƙidaya abin da aka dasa ranar biki, ba a ƙidaya abin da ya rayu bayan rani uku. Dashen da ba shi da mai ban ruwa, ba shi da shinge, abincin awaki ne. Na biyu, doka tana iya hana sara, amma ba ta iya hana girki. In aka toshe hanyar kawo haja alhali buƙata tana nan, farashi ne zai tashi, cinikin ya koma na dare, talakan birni ya biya ƙarin, ribar mai satar hanya ta ƙaru. Hani yana da amfani wajen kare itatuwa masu daraja da bakin koguna, amma sai an haɗa shi da abin da zai maye gurbi.

DARASI DAGA KANO DA MARAƊI

A 1990 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon wani bincike da malaman Jami'ar Bayero, ciki har da Michael Mortimore, suka yi a kan itacen girki a Kano. Ana zaton za a tarar gonakin da ke kewaye da birnin sun zama fili fetal. Sai aka tarar manoman karkarar Kano suna riƙe da itatuwansu, suna sassake rassa su sayar, su bar uwar a tsaye. Ɓarnar tana can dazuzzuka masu nisa da ba su da mai su. Wato bishiyar da ke da ubangida ita ke rayuwa.

A Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar kuwa, tun wajen 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a yi dashe, sai a bar kututturen da ke gona ya toho, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a rene su, a sare sauran. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, sai abin ya bazu. Binciken hotunan tauraron ɗan'adam a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna kimanin hekta miliyan biyar sun farfaɗo a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Har ila yau, wata dokar 1992 a Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa, a ƙayyade masa abin da zai sara a shekara, ya karɓi haraji ya riƙe wani kaso, itacen da aka saro daga dajin da ba a tsara ba kuma a ɗora masa haraji mafi tsada. Tsarin bai rasa matsalolinsa ba, amma ya sa wa bishiya farashi tun tana tsaye.

INDA 'YAN KASUWA ZA SU SHIGO

Birnin da ke ƙone ɗaruruwan tan na itace a kowace rana kasuwa ce babba, kuma duk wanda ya kawo abin da ya fi arha ko ya fi auki, zai sami masu saye. Murhun duwatsu uku kan yi asarar mafi yawan zafin itacen da aka zuba masa. A 2018 FAO ta kafa cibiyoyin ƙera murhun yumɓu mai tsimin itace a Maiduguri da Jere da Konduga, ta koya wa mata aikin. Abin da ya rage shi ne 'yan kasuwa su ɗauke shi daga kayan rabo ya koma kayan shago, ana biya kaɗan-kaɗan.

Ɓuntun shinkafar fadamar Jere da Zabarmari, da ɓawon gyaɗa da karan hatsi, ana iya curawa a yi gawayi da su. Masu sayar da gas suna iya faɗaɗa awon kilo ɗaya ko biyu da ba da ƙananan tukwane bashi. Ƙungiyoyin masu burodi, waɗanda ke cikin manyan masu sayen itace, suna iya haɗa kuɗi su mallaki gandun dogon yaro nasu, domin bishiya ce mai saurin girma, kuma in an sare ta takan sake tohowa. Gonar dakwara kuwa tana karɓar wake ko gero a tsakaninta kafin ta fara ba da ƙaro.

Abubuwa biyu ne za su sa mai kuɗi ya shiga. Na farko takardar mallaka tabbatacciya, wadda za ta nuna cewa wanda ya dasa ko ya rena bishiya shi ke da ikon sarewa da sayarwa, domin kada dokar hani ta faɗa kan mai gandu kamar yadda take faɗawa kan ɓarawon daji. Na biyu rance mai dogon zango, domin bashin wata shida ba ya renon bishiyar shekara biyar. A nan ne ya kamata wani kaso na kuɗin shirye-shiryen dashe ya tafi, a riƙa biyan ƙauyuka bisa ga yawan itatuwan da suka rayu, ba waɗanda aka binne ba. Su kansu dillalan itace ya kamata a zauna da su, domin sun fi kowa sanin yadda tafiyar ke ƙara nisa kowace shekara, kuma su ne farkon waɗanda sana'arsu za ta mutu in dajin ya ƙare.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dogon yaron da mutanen Yerwa ke hutawa a gindinsa yau, wasu ne suka kashe kuɗi da ƙarfi suka dasa shi, suka yi masa ban ruwa, kusan shekaru ɗari da suka wuce. Motocin itace za su ci gaba da shigowa ta Gomari gobe da jibi, domin dole a ɗora tukunya. Abin da ya rage wa hukuma da 'yan kasuwar Borno shi ne su tabbatar cewa a cikin kuɗin kowane dami akwai na bishiyar da za ta gaje wadda aka sare. In ba haka ba, littafin cinikin zai ci gaba da nuna riba, har ranar da za a nemi jarin a tarar an cinye shi.